Tsakanin Malam da Mushe: Nazari Kan Zama da Koyarwar Ƴan Mishan a Tsibiri, Maradi da Jiratawa

Wajen shekarar 1927 wani Bature mai suna David Osborne ya sami izinin zama a gefen Tsibirin Gobir, ya kafa tashar ƙungiyar Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM. Kafin nan ƙungiyar ta riga ta sa ƙafa a Damagaram tun 1924. Asalinta kuwa tafiyar wasu samari uku ce, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, waɗanda suka sauka Ikko a ƙarshen 1893 da niyyar kutsawa ƙasar Hausa. Wajen shekara ɗaya bayan haka biyu suka rasu, Bingham kaɗai ya koma Kanada da rai, ya ci gaba da tara mutane da kuɗi.

Dalilin da ya kawo su Tsibiri yana da alaƙa da abin da ke faruwa a kudancin iyaka. A Nijeriya Turawan Ingila sun tsare ƴan mishan daga shiga yawancin manyan masarautun Musulmi, saboda alkawarin da Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addininsu ba. Sai a shekarun 1930 aka ɗan buɗe musu ƙofa ta hanyar asibitocin kutare, irin na Babbar Ruga a Katsina. Faransawa ba su ɗaure kansu da irin wannan alkawari ba, kuma yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919 ta wajabta musu barin ƴan mishan na ƙasashen da suka sa hannu su yi aikinsu. Saboda haka Bahaushen da aka hana SIM ta yi wa wa'azi a Katsina, sai ta zagayo ta same shi a kwarin Gulbin Maradi.

Ƙasar da suka tarar tana da nata tarihi mai nauyi. Maradi mazaunin Katsinawa ne da suka ƙi miƙa wuya bayan jihadi, Tsibiri kuma Gobirawa suka kafa ta bayan kashin da suka sha a Gawakuke a 1836. A fada akwai liman da malamai, akwai kuma Inna a Gobir da Iya a Maradi masu riƙe da ragamar bori. A ƙauyukan kwari, har da Jiratawa da kewayenta, akwai arna masu tsafin gado, waɗanda daga baya masanin nan Guy Nicolas ya daɗe yana nazarin al'adunsu. Lissafin ƴan mishan shi ne arnan za su fara karɓar bishara, tun da ba su da littafi. Binciken Barbara Cooper, wadda ta wallafa littafi kan Kiristocin wannan yanki a 2006, ya nuna lissafin bai fita ba. Yawancin masu bi na farko daga gidajen Musulmi suka fito, wasunsu ma daga gidan sarauta.

A ganina dalilin ba ɓoyayye ba ne. Addinin arne a ɗaure yake da gandu da dangi da kushewar kakanni. Wanda ya bar shi ya bar gida da gona gaba ɗaya. Musulmi kuwa ya riga ya san Annabi Isa da Linjila, ya san ranar hisabi, ya kuma san mutumin da ke zaune da littafi yana karantar da mutane. Akwai gurbi a zuciyarsa da baƙon zai iya shiga, gurbin malam. Da wannan ma'auni aka fara auna ɗan mishan, kuma bai yi laifi a kansa ba. Matsalarsa ta taso ne lokacin da almajiransa suka ɗauko ma'auni na biyu, na mushen lakwal, wato malamin makarantar Faransanci, suka tarar ba shi da abin da za su auna.

Kafin a kai ga wannan, ya kamata a dubi yadda yininsa yake. SIM ƙungiya ce da ba ta biyan albashi daga wata babbar majami'a guda. Kowane ɗan mishan shi ke zagaya majami'un ƙasarsu, a Amurka ko Kanada ko Ingila ko Ostareliya, ya nemi masu ɗaukar nauyinsa, sannan ya riƙa aika musu wasiƙun neman addu'a. Wannan ya sa rubutu ya zama rabin aikinsa, ya kuma sa mai nazari ya karanta wasiƙun da hattara, don mai neman taimako yakan ƙara wa duhun wurin da yake aiki baƙi, ya ƙara wa ɗan nasararsa haske. Sabon zuwa yakan fara da koyon Hausa a Nijeriya, don hedkwatar aikin tana Jos, daga can kuma littattafai da magani da umarni suke fitowa. Gidansa na ƙasa ne, fitilarsa ta kananzir, kwinin da gidan sauro su ne garkuwarsa. Da safe addu'a da masu aikin gida, sannan layin masu gyambo da ciwon ido da zazzaɓi a ƙofar ɗakin magani. Bayan rana ta yi sanyi a zauna karatu. Ranar kasuwa a fita wa'azi, da rani kuma a yi rangadin ƙauyuka.

Mata sun fi maza yawa a wannan aiki, matan aure da waɗanda ba su yi aure ba. Su ke riƙe da ɗakin magani, su ke shiga cikin gidaje inda namiji baƙo ba ya wuce zaure, su ke koyar da ƴan mata karatu da ɗinki, kamar a makarantar ƴan mata ta Sura kusa da Maradi. Amma shugabancin majami'a na maza ne. Wani abu kuma da maƙwabta ba su taɓa fahimta ba shi ne rabuwa da ƴaƴa: yaro na kai shekarun shiga makaranta sai a kai shi makarantar kwana ta Kent a Miyango, kusa da Jos, ya yi watanni bai ga uwarsa ba. Bahaushen da ke tura ɗansa almajiranci gabas zai iya cewa ya san irin wannan, sai dai shi ba a taɓa jin ya tura ɗiya mace ba.

Me ake koyarwa a zaman yamma? Karatun Hausa da baƙaƙen boko, ba wani abu ba. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya ɗauki babban kaso a cikinsa, kuma wannan littafi shi ne farkon manhaja da ƙarshenta. Burin malamin shi ne ɗalibi ya iya buɗe littafin ya karanta da kansa, ya haddace ayoyi, ya iya rera waƙoƙin sujada, sannan ya koma ƙauyensu ya koya wa wani. Wanda ya yi nisa sai ya shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tsibiri ya fito mai bishara. Tsarin ya yi kama ƙwarai da makarantar allo: littafi ɗaya, hadda, malami da ɗalibi suna noma tare da damina, ba takardar shaida, ba alkawarin aiki. Bambancin da masu bi na farko suka riƙa nanatawa shi ne a nan mutum yana jin ma'anar abin da yake karantawa tun daga ranar farko. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya yi shekaru yana tilawa da harshen da sai ya kai matakin ilimi zai fara fahimta.

Kuma ba Turawan ne suka fi yaɗa karatun ba. Bature ɗaya ko biyu a tasha ba za su iya zagaye kwarin ba, Hausarsu ma sau da yawa ta littafi ce. Mutanen ƙasa irin su Abba Musa, wanda ya fito daga Damagaram yana cikin masu bi na farko, da sauran masu bishara da ba a rubuta sunayensu a mujallun ƙasashen waje ba, su ne suka san wace magana ake faɗa a zaure, wace ce ake bari sai an keɓe.

Zaɓin Hausa ba ƙaunar harshen kaɗai ta kawo shi ba. Akwai aƙida a ƙarƙashinsa. SIM ta fito ne daga ɓangaren Kiristocin da ke ganin duniya ta kusa tashi, aikin gaggawa shi ne ceton rai, gina makarantu don samar da akawu da tafinta kuwa ɓata lokaci ne, har ma haɗari ne, don yaron da ya iya harshen Nasara zai bar ƙauye ya bi albashi. Akwai kuma rashin iyawa. Yawancin ƴan mishan ɗin Turancin Ingilishi suke ji, Faransancinsu bai taka kara ya karya ba. Dokar da Faransa ta kafa a 1922 kan makarantu masu zaman kansu a Afirka ta Yamma ta ce koyarwa sai da Faransanci, malami kuma sai mai takardar da hukuma ta yarda da ita. Abin da aka bar wa harsunan gida shi ne koyar da addini kawai. Don haka zaman karatun Tsibiri a idon kwamandan Faransawa ba makaranta ba ne, kuma duk ranar da aka ga ana koyar da lissafi ko wani abu da ya wuce addini, ana iya cewa an karya doka. Aƙida da gazawa da doka suka haɗu suka tsare ɗan mishan a gurbin malam.

Yaƙin duniya na biyu ya ƙara dagula zaman. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942 Afirka ta Yamma ta Faransa tana hannun gwamnatin Vichy, ƙarƙashin Gwamna Janar Pierre Boisson, Nijeriya kuwa tana hannun Ingila, abokiyar gaba. Baturen da ke jin Ingilishi, yana zaune tafiyar yini daga iyaka, yana karɓar wasiƙu daga Jos, yana kuma jin Hausa fiye da kwamandan kansa, ba sai an faɗa ba ɗan leƙen asiri ake ɗaukar sa. An takura zirga-zirgarsu, an sa musu ido. Bayan yaƙi al'amari ya juya, Amurka ta zama mai faɗa a ji, tashoshi suka ƙaru. Amma taron Brazzaville na 1944 ya sake jaddada cewa Faransanci kaɗai ne harshen makaranta.

A nan ne tsagin ya fara bayyana. Bayan ambaliyar 1945 da ta rushe tsohon garin Maradi na cikin kwari, an tayar da sabon gari a kan tudu, cinikin gujiya ya bunƙasa, alhazan birni suka fara tasowa, ofisoshi suka buɗe. Mai bi da ya iya karatun boko ya duba ya ga takardar haraji da ta kotu da ta asibiti duk da Faransanci suke. Musulmi ɗan'uwansa yana da gado da dangi da jarin fatauci. Shi kuwa sau da yawa ya rasa waɗannan ranar da aka yi masa baftisma. Abin da zai maye masa gurbinsu shi ne ilimin da ke kai ɗansa ga aiki, kuma shi ne abin da mishan ta ƙi bayarwa. Ƴan Katolika, waɗanda fadocinsu Faransawa ne, ba su da wannan matsala, makarantunsu na lakwal ne sosai, har manyan Musulmi na kai ƴaƴansu. A Nijeriya ma SIM ɗin nan dai ta gina makarantun firamare da na horon malamai, majami'arta ta ECWA ta tsaya da ƙafarta tun 1954 da ƴan boko a cikinta. Mai bi na Tsibiri da ya je taro Kano ko Jos yana ganin wannan da idonsa.

Lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Duk wanda ke da ƴar takarda a wannan lokaci ya sami kujera. Da SIM ta buɗe lakwal tun shekarun 1930, da ƙaramar jama'arta ta shiga sabuwar ƙasa da rinjayen da ya fi yawanta. Makarantar firamare ta Faransanci da aka yi a Tsibiri ta zo a makare, kuma yadda ta yi suna daga baya, har iyaye Musulmi na neman wa ƴaƴansu gurbi, shi kansa shaida ne kan abin da aka yi asara. Ba na ganin adalci ne a ce ƴan mishan sun yi haka don mugunta. Sun ji tsoron abin da suka gani a wasu wurare, inda makarantar mishan ta fitar da ma'aikata masu sunan Kirista kawai. Amma su suna da fasfo da majami'un da ke aiko musu kuɗi, ƴaƴansu kuma suna Miyango suna karatun da zai kai su jami'a. Talaucin da suke yaba wa mai bi ba irin nasu ba ne.

Akwai wani fannin koyarwa da ba a yi da allo ko littafi, wato horo. Rubutattun bayanan zaman dattawan majami'ar Tsibiri na shekarun 1930 zuwa 1950, waɗanda Cooper ta yi nazari, cike suke da shari'ar aure. Mai mata biyu ba ya zama dattijon majami'a. Saki, wanda a ƙasar Maradi abu ne da mace ke iya yi sau biyu ko uku a rayuwarta ba tare da an ga baƙinta ba, ya zama babban laifi. Wa zai auri saurayin da ya tuba, tun da ƴan mata masu bi kaɗan ne? Wannan tambaya ce ta sa makarantar ƴan mata ta zama dole. Ita ce kuma ta sa mazan da suka fi kima a gari, masu gida da iyali da yawa, suka tsaya a bakin ƙofa, shugabanci ya faɗa hannun samarin da mishan ta rena.

Magani ya fi wa'azi jan jama'a, wannan kowa ya sani. Asibitin SIM na Galmi ya buɗe a 1950 ta hannun Likita Burt Long, sannan a tsakiyar shekarun 1950 aka kafa wurin jinyar kutare a Danja, cikin ƙasar Jiratawa, kan hanyar Katsina. Kuturu yakan yi shekaru yana jinya, nesa da danginsa, don haka Danja ta zama makaranta ita ma, da yawa sun koyi karatu a can. A 2012 aka ƙara cibiyar aikin yoyon fitsari a wurin. Majami'ar ƙasa kuwa, EERN, an kafa ta daidai lokacin ƴancin kai, ta yi shekaru tana jayayya da mishan kan dukiya da makarantu da wanda ke da ikon yanke shawara, kafin ita ma ta rabu gida-gida wajen 1990.

Abin mamaki, darasin da ya fi kowane yaɗuwa daga hannun ɗan mishan a wannan ƙasa ba na littafi ba ne. Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostareliya, ya zo Maradi da iyalinsa a farkon shekarun 1980 ƙarƙashin SIM, yana aiki da shirin raya karkara da ya tsiro daga gonar koyarwa ta Maza Tsaye. Aikinsa dashen itace ne, kuma dashen mutuwa yake yi, rana da iska da awaki da gara ba su barin komai. A 1983, kamar yadda ya sha ba da labari, ya tsaya rage iskar tayar mota don ya wuce rairayi, sai ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai a zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi a kan kowane kututture, a datse sauran, a kare su. Manoman farko da suka gwada sun sha dariya, don a lokacin gona mai tsabta ita ce shaidar manomin kirki.

Yunwar 1984, wadda mutanen Maradi ke kira El Buhari saboda rufe iyakar da Nijeriya ta yi a lokacin, ita ta ba shi dama. Aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin toho a gona a ƙauyuka kusan ɗari. Da abincin ya ƙare, kimanin kashi biyu cikin uku na itatuwan aka sare. Wanda ya san tarihin mishan zai gane wannan yanayi: mutane sun karɓi koyarwa don abin da ke biye da ita. Amma sauran da suka bar nasu sun ga kalgo da sabara da gawo sun ba su itacen girki da abincin dabbobi, sun tare iskar da ke binne shuka, gero kuma bai ragu ba. Daga nan manomi ya riƙa koya wa manomi, aka sa wa abin suna sassabin zamani. Binciken da Chris Reij da Gray Tappan suka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya ƙiyasta fili kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Rinaudo ya bar ƙasar a 1999, ya sami lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

Ya kamata a rage wa labarin gishiri. Barin gawo a gona tsohuwar al'ada ce, sarakunan Damagaram ma sun kare shi da doka mai tsanani. Abin da ya kashe al'adar har da dokar gandun daji ta zamanin Nasara, wadda ta mai da itace dukiyar hukuma, manomi ya ga gara ya sare tun yana toho da ya bari jami'i ya zo ya ci shi tara. Sassautowar wannan doka ta taimaka ƙwarai. Duk da haka akwai bambanci tsakanin wannan koyarwa da ta zaman yamma a Tsibiri: ba ta nemi kowa ya bar danginsa ba, ba ta bukatar takardar kwamandan, kuma amfaninta a gonar ɗalibi yake fitowa, ba a wasiƙar malami ba.

Zaman masu bi da maƙwabtansu bai kasance lami lafiya kullum ba. A Nuwamban 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA da ake yi kusa da Yamai ta rikiɗe a Maradi, aka kai hari kan mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da harabar majami'u, har da ta Vie Abondante, sabuwar majami'a mai wa'azi a rediyo da salon da ya fi na tsofaffin ƴan SIM zafi. A lokacin garin ya riga ya cika da wa'azin Izala, wadda ita ma, abin lura, da Hausa take karantarwa, tana kuma cewa kowa ya buɗe littafi ya ga hujja da kansa.

Ɗan mishan na ƙarni na 21 sau da yawa ba Bature ba ne. Marie-Catherine Kingbo, sista ƴar Senegal, ta bar shugabancin ƙungiyarsu a Dakar ta zo yankin Maradi, inda aka kafa dayosis na Katolika a 2001 ƙarƙashin Bishop Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina Faso. A 2006 ta kafa ƙungiyar sistoci, suka yi aiki a Tsibiri da Ɗan Bako, suna ciyar da yara masu tamowa, suna zama da sarakuna da limamai kan auren wuri, suka kuma buɗe makaranta da wurin kwanan ƴan mata. Kusan duk ɗalibanta ƴaƴan Musulmi ne, abin da iyayensu ke nema kuma a fili yake, wato yarinya ta ci jarrabawar hukuma. Ta rasu a 2021.

Gwamnatin Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a makarantun hukuma tun 1973 a Damagaram, gwajin da ya yi shekaru masu yawa bai wuce matsayin gwaji ba. A watan Maris na 2025 sabon kundin mulkin ƙasar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Uban da ke Jiratawa zai yanke shawarar inda zai kai ɗansa ne bisa harshen da za a rubuta jarrabawar ɗaukar ma'aikata da shi, kuma har yanzu da Faransanci ake rubuta ta.